Neman kalma: yaya za mu ce "trauma-informed" da Hausa?

1/
Kwana uku ke nan kalma ɗaya ta hana ni sakat. An kawo mini takardar horar da ma'aikata in mayar da ita Hausa, irin ma'aikatan da yaron da aka ci zarafinsa yake bi ta hannunsu: malaman jinya, 'yan sanda, jami'an walwalar jama'a, lauyoyi, malaman makaranta. Aiki yana tafiya sumul sai na ci karo da "trauma-informed", kuma kusan babu shafin da ba ta leƙo ba. Shekaranjiya na kawo kukana nan, kun kuwa yi mini ruwan amsoshi, Allah ya saka da alheri. Yau zan bi su, in faɗi waɗanda na ajiye da dalilina, da wadda na ɗauka.

2/
Bari mu san dokin tukuna kafin a ɗaura masa sirdi. "Trauma" kalmar Girkanci ce, asalinta rauni na jiki, sara ko suka. Har gobe da wannan ma'anar likitocin da ke karɓar masu hatsarin mota suke amfani da ita. Daga baya masana halayyar ɗan Adam suka are ta, suka ce ai zuciya ma tana jin rauni. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali cikin kundin cututtukanta, bayan an daɗe ana ganin halin da sojojin da suka dawo daga Biyetnam suke ciki, da matan da aka yi wa fyaɗe. A 1998 kuma Vincent Felitti da Robert Anda suka fara fitar da sakamakon binciken da suka yi a San Diego, wanda gaba ɗayansa ya haɗa manya sama da 17,000. An tambaye su abin da ya same su suna yara: duka, zagi da wulaƙanci, cin zarafi ta hanyar jima'i, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi a gida. Gwargwadon yawan abin da mutum ya sha yana ƙarami, gwargwadon haɗarin ciwon zuciya, shaye-shaye da yunƙurin kashe kai bayan ya girma.

3/
Rabi na biyu, "informed", shi ya fi ba ni wuya. Babu wanda ya ce kowa ya koma likitan ƙwaƙwalwa. Nufin shi ne duk wanda ke ma'aikatar, tun daga maigadi da mai yankar kati har alƙali, ya yi aikinsa na kullum yana sane da cewa wanda ke gabansa wataƙila yana ɗauke da wani abu. Hukumar Amurka mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, SAMHSA, ta taƙaita shi a 2014 cikin abu huɗu: a san yadda matsalar ta yaɗu, a iya gane alamunta, a shigar da wannan sanin cikin tsarin aiki, a kuma guji sake ji wa mutum ciwo. Ku riƙe mini na huɗun, zan dawo kansa.

4/
To, ga abin da kuka kawo.

Damuwa ce ta fi samun ƙuri'a, ita kuma na fara ajiyewa. Mun riga mun ɗora wa kalmar nan kayan da ya fi ƙarfinta. Wanda kuɗin makarantar yara ya sha masa kai yana cikin damuwa, wadda ta yi wata shida ba ta iya tashi daga kan gado ba ita ma damuwa. In muka ƙara mata wannan, za ta durƙushe.

Taɓin hankali: a'a, har abada. Ka ce wa uba 'yarsa tana da taɓin hankali, ka gama korarsa daga asibiti, wataƙila ma ka saya wa yarinyar sunan da zai bi ta har gidan miji.

Firgici da razana suna da kyau, amma gajeru ne. Kare ya biyo ka ka firgita, ka sha ruwa, ya wuce. Abin da muke magana a kai yana iya kwana shekara ashirin.

Ɗimuwa ita 'yan jarida suka fi so, kuma ban ƙi ta ba. Tana kama wanda ya fita hayyacinsa bayan hari ko gobara. Sai dai yaron da ake cin zarafinsa a gida sau da yawa ba ya kama da ɗimautacce ko kaɗan. Yana zuwa makaranta, yana dariya. Kawai ya koma fitsarin kwance, ko ya daina yarda a tura shi wani shago, ko ya zama mafaɗaci.

5/
Rauni ita ce fassara kai tsaye, har na rubuta ta na wuce. Wani malamin Hausa ne ya dawo da ni. Ya ce, "Malam, ka manta rauni baki biyu gare ta?" Gaskiyarsa. Mai rauni shi ne wanda aka ji wa ciwo, shi ne kuma rarrauna marar ƙarfi. "Tana da raunin zuciya" a kunnen Bahaushe yana nufin mai saurin karaya ce. Ka ga laifin ya juyo kanta.

Tabo kuwa ya fi ba ni tsoro. Tabo ciwo ne da ya riga ya warke, don haka ma'anar ta kauce. Sannan ku tuna yadda ake cewa yarinya "ta yi tabo". Wannan aibi ne ake liƙa mata.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce a can kalmar Faransanci ma'aikata suke jefawa cikin Hausarsu, mu ma mu ce "tiroma" mu huta. Da mota ko kwamfuta ce da na yarda, domin ana ganin abin a ɗora masa suna. Wannan kuwa ba a ganinsa, sunan ne zai nuna shi. Tsohuwa a ƙauye ta ji "tiroma" za ta zaci sabuwar allura ce.

6/
Amsar da ta kwance mini ƙulli ta fito ne daga wata Hajiya, tsohuwar malamar jinya da ta yi ritaya. Ba ta rubuta ba ma, saƙon murya ta turo. Ta ce, "Ɗana, mu a ɗakin diresin ba ma cewa rauni in ciwo ya kwana biyu. Miki muke cewa."

Na ce, "Mama, ƙara mini bayani."

Ta ce miki shi ne ciwon da bai rufe ba. Ana iya ɗaure shi da bandeji a sa riga a kai a fita kasuwa, babu wanda ya sani. Ta ce in yaro ya zo da tsumma ya manne a kan miki, sabuwar ma'aikaciya takan kama ta fizge, yaro ya ƙwala ihu, jini ya dawo sabo, gobe ko da alewa ba zai yarda ya shigo ɗakin ba. Wadda ta san aiki sai ta jiƙa tsumman da ruwan gishiri mai ɗumi, ta jira, tana jan yaron da hira, tana gaya masa abin da za ta yi kafin ta yi, har tsumman ya saki da kansa. Duk su biyun wankin miki suka yi, amma ɗaya ta warkar, ɗaya ta fama.

7/
Nan na tashi zaune. Fami! Kalmar tana bakinmu tun muna yara. Ka yi tuntuɓe ka ɓare farce, kwana biyu sai ƙafar kujera ta nemi yatsan nan daidai, kuma kowa ya san zafin famin ya fi na ranar farko. Abu na huɗu da na ce ku riƙe mini, wanda Turawa sai da suka ƙera masa doguwar kalma, mu muna da shi cikin gaɓa biyu. Har ma mun riga mun kai shi zuciya da kanmu: "kada ka fama mini miki", in ji wanda aka tuna masa rasuwar da yake ƙoƙarin mantawa.

Na taɓa ganinsa da idona a bencin wani asibiti. Wata uwa tana zaune da 'yarta, ba za ta wuce shekara tara ba, ta lulluɓe ta da gefen mayafinta. Mai kiran kati ya leƙo ya ɗaga murya: "Ina masu kes ɗin fyaɗen nan?" Benci kaf ya juyo. Yarinyar ta cusa kanta cikin mayafin har ba a ganin ko kunnenta. Mutumin nan bai zage ta ba, bai taɓa ta ba, a ganinsa ma sauri yake musu.

8/
Yanzu ga inda haɗa hannun ma'aikata ya shigo. Ku lissafa bakin da yaro yake ba labarinsa a wurinmu: uwa, sai uba ko kawu, sai mai unguwa, sai kanta a ofishin 'yan sanda, sai mai bincike, sai likita, sai lauya, sai kotu a gaban wanda ya yi masa abin. Kowannensu da kyakkyawar niyya, kowannensu yana fizgar tsumman. Kuma in yaro ya gaji ya fara canza magana, ko ya yi shiru, sai a ce ƙarya yake yi, shari'a ta rushe.

Irin wannan ne ya sa wani mai gabatar da ƙara a Huntsville ta jihar Alabama a Amurka, Bud Cramer, ya tara 'yan sanda, likitoci da jami'an kula da yara a wuri ɗaya a 1985. Ƙasar Aisland ta ɗauki darasin ta buɗe Barnahus a 1998, ma'anarsa gidan yara. Gida ne kamar kowane gida a cikin unguwa. Ƙwararre ɗaya ne yake zama da yaro ya yi masa tambayoyi, sauran masu ruwa da tsaki, har da lauyan wanda ake zargi, suna wani ɗaki suna kallo ta na'ura, in suna da tambaya su miƙa ta hannunsa. Ana naɗar bayanin don kotu. Duba lafiyarsa da ba shi shawara duk a gidan ake yi.

Rashin haɗa hannu kuma yana kisa. Victoria Climbié 'yar shekara takwas ce daga Kwaddibuwa, ta rasu a Landan a 2000 a hannun masu riƙonta, alhali asibitoci, 'yan sanda da jami'an walwala duk sun san da ita. Kowa yana riƙe da guntun labari, babu wanda ya haɗa. Binciken Lord Laming na 2003 ya kai Ingila ga sabuwar dokar yara ta 2004, wadda ta wajabta wa hukumomi aiki tare.

Mu ma ba baƙon abu ba ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Nijeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Cibiyar Mirabel mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar jima'i ta buɗe a Legas a 2013, Kano tana da irinta, Waraka, a Asibitin Murtala, Kaduna tana da cibiyoyin Salama. Ku dubi sunayen nan biyu, Waraka da Salama. Wanda ya zaɓe su ya san kunnen mutanensa.

9/
An kawo suka biyu, kuma dukkansu da nauyi. Na farko, a rubuce "fama" na fama miki da "fama" na fama da zazzaɓi kamarsu ɗaya, karin sauti ne kawai ya raba su. Haka ne, shi ya sa zan tsaya kan sunan, fami, wanda ba ya rikicewa da komai.

Na biyu, cewa fami abu na huɗu kawai ya ɗauko, ina sauran ukun? Amsata: ba ka iya kiyaye fami sai ka yarda akwai miki, ka san inda yake, ka gyara tafiyarka saboda shi. Ukun suna cikin cikinsa. Ginin kalmar kuwa mun saba da shi, ga hukumar kiyaye haɗurra nan a kan titi kullum.

10/
Wani ɗan ratse kafin in rufe. A takardar nan ba zan rubuta "an lalata ta" ko "an ɓata ta" ba, ko da yake su ne a bakin jama'a. Abin da ya lalace ba ya gyaruwa, kuma yarinya tana jin abin da ake faɗa a kanta. Zan rubuta "an ci zarafinta", mai aikatawa ya ɗauki kayansa. Wanda abin ya wuce yana rayuwarsa kuma zan kira shi "wanda ya tsira". Na san wasu za su ce tsira ta fi dacewa da hatsarin kwalekwale. Na ji, amma na gwada "wanda abin ya shafa" na ga ta yi sanyi kamar sanarwar gwamnati.

11/
Ga abin da zan miƙa musu ranar Litinin. "Trauma", mikin zuciya. Sake jefa mutum cikinsa, fami. "Trauma-informed", mai kiyaye fami: kulawa mai kiyaye fami, makaranta mai kiyaye fami, haɗin gwiwar ma'aikata don kiyaye fami.

Na gwada shi a jimla na karanta wa Hajiya ta waya: "Ɗan sanda mai kiyaye fami ba ya tambayar yarinya me ya kai ta ɗakin. Yana gaya mata sunansa, ya tambaye ta wa take so ya zauna kusa da ita, ya bar ta ta faɗa da bakinta sau ɗaya." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce in ƙara "kuma ya rufe ƙofa". Na ƙara.