Hunturu ya lanƙwasa mini katin gasar Pokémon, ya zan yi ya miƙe?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da katin Pokémon (wani wasan kati ne) guda ɗaya, irin wanda ake raba wa mahalarta gasa a matsayin kyauta, mai baƙin tauraro da tambarin PROMO a ƙasansa. Yayana ne ya samo shi a wata gasa lokacin da yake karatu a waje, ya bar mini. Ba a sayar da irinsa a cikin fakiti, shi ya sa nake ji da shi ƙwarai.

Tun da hunturu ya kama a nan Katsina katin ya lanƙwashe. Na fahimci dalilin: fuskarsa mai sheƙi ba ta shan danshi, takardar bayansa kuwa tana tsukewa idan iska ta bushe, sai ta ja shi. Na sa shi a leda na danne da manyan littattafai, ya miƙe, amma da na ciro shi ya koma yadda yake.

Wani ya ce in rufe shi a roba kusa da jiƙaƙƙen tsumma. Tsorona kada danshin ya wuce kima ya kumbura gefensa, ga shi ba ni da abin auna danshi. Akwai wanda ya gwada wannan a yanayi irin namu? Ko in haƙura damina ta faɗi ya miƙe da kansa?

Sannan ina son tura shi kamfanin PSA a Amurka, masu duba lafiyar kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10. Shin dannewar za ta rage masa maki? Don Allah a taimaka.