Takardar MOT ta isa shaidar lafiyar tsohon babur?

Tambaya: Jama'a, babur Triumph Bonneville ƙirar 1970 da ya haye MOT, wato gwajin lafiyar abin hawa da doka ta tanada a Ingila, za a iya dogaro da lafiyarsa?

Amsa ta 1: A'a, malam. Birki, fitilu, tayoyi, sitiyari da makamantansu ake dubawa, ba a buɗe inji ko akwatin giya. Tun 2018 ma, babur da ya haura shekara 40 ba dole ne a kai shi ba, muddin ba a sauya manyan sassansa ba.

Amsa ta 2: Duba shi da kanka. Ɗaga tayar gaba, ka juya kan babur ɗin a hankali. In yana sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya cinye. Ƙwanƙwasa wayoyin ƙafa ɗaya-ɗaya. Wadda ƙararta ta dushe ta saki.

Amsa ta 3: Zanen taya mai zurfin aƙalla milimita 1 doka ke nema, amma robar da ta bushe ta tsattsage santsi take a ruwan sama.