Tambaya kan kaurin feshin katako da kwanakin da yake ɗauka kafin ya yi tauri

Ɗan Na'ibawa:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Ina aikin kafinta a Kano, kuma yawancin abin da muke yi kayan ɗakin amare ne da teburan cin abinci. Akwai matsalar da take yawan samunmu, musamman da damina. Za a fesa wa tebur selulos mai sheƙi, wato ruwan fentin katako mai saurin bushewa, da hantsi, a taɓa shi da la'asar a ji ya bushe ƙarau, amma idan aka naɗe shi da kwali ko leda washegari aka kai wa mai shi, sai a tarar sawun kwalin ya zauna a fuskar teburin. Wani lokaci kuma wani farin hazo ne yake fitowa tun ana cikin feshin. Maigidana yana ganin feshi biyu masu kauri sun isa, mai sayar mana da kayan kuma ya ce a yi biyar marasa kauri. Ina roƙon a yi mini bayanin kaurin da ya dace da kowane feshi, da tsawon lokacin da ya kamata a jira kafin a ƙara wani, da kuma kafin a fitar da kaya daga shago.

Baban Khalifa, Zariya:

Wa alaikumus salam. Yarona, mai sayar muku da kaya ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ba na so ka je ka faɗa wa maigidanka haka gatsau. Selulos yana bushewa ne ta hanyar ficewar tinar da aka dama shi da ita, wato ruwan sinadarin da ake tsinka fenti da shi. Idan feshin bai yi kauri ba, tinar tana fita cikin sauƙi, cikin minti 10 zuwa 15 ƙura ta daina kama shi, bayan minti 30 zuwa awa ɗaya kuma a iya ƙara wani. Idan ya yi kauri, saman ne yake fara yin fata ya rufe, tinar da ke ƙasa ta rasa hanyar fita sai a hankali, shi ya sa yatsa yake jin bushewa alhali cikin yana nan da laushi. Nauyin kaya a mota da zafin rana su ne suke danna kwalin cikin wannan laushin. A wasu lokutan ma tinar tana fasa fatar ta fito, ta bar ƙananan ramuka kamar bakin allura.

Akwai kuma abin da matasa ba su cika lura da shi ba, wato kowane sabon feshin selulos yana narka na ƙarƙashinsa su haɗe su zama abu ɗaya. Saboda haka wanda ya yi feshi biyar a jere ba tare da tazara ba, bai tsira daga matsalar mai feshi biyu masu kauri ba. Ni ba na wuce uku a yini guda.

Kafin ka ƙara feshi, goga samfefa mai lamba 320 a wani lungu. Idan ta fitar da farin gari, ya bushe, idan kuwa ta cushe tana dunƙulewa, to da saura. Kafin fitar da kaya, danna farcenka a ƙarƙashin gefen teburin inda ido ba ya kaiwa, sannan ka kai hancinka kusa, domin muddin warin tina yana tashi sosai aikin bai gama ba. Tebur ina ba shi aƙalla mako guda kafin a naɗe shi, kuma da tsohon bargo nake naɗewa, ba na yarda leda ta taɓa shi. Cikakken taurinsa kuwa, wanda za a iya goge shi a fitar da sheƙi irin na gilashi, yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu.

Injiniya, Kaduna:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, zan ɗora lissafi a kan bayaninsa. Ana auna kaurin fenti da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, kuma takardar da ake buga rubutu a ofis kaurinta kusan maikiron 100 ne. Yawancin kamfanonin kayan feshin katako suna ba da shawarar kowane feshi ya kasance tsakanin maikiron 75 da 125 yana jiƙe. Akwai ɗan ƙarfe mai haƙora da ake dangwalawa a kan jiƙaƙƙen feshi, haƙorin ƙarshe da ya jiƙe shi ne yake nuna kaurin, kuma ba shi da tsada.

Abin da ya rage a jikin katako bayan bushewa ya dogara ne da yawan daskararren sinadarin da ke cikin gwangwanin, wanda ake rubutawa a takardar bayanin kayan. A ɗauka kashi 30 cikin 100 ne ta fuskar cika. Idan ka dama shi da tina daidai wa daida ya koma kashi 15, feshi mai kaurin maikiron 100 zai bar maikiron 15 kacal idan ya bushe, ke nan sai ka yi biyar kafin ka kai maikiron 75. Daga nan ne shawarar mai sayar muku da kaya ta samo asali. Jimillar busasshen kauri tsakanin maikiron 75 da 125, har da sila, wato shafin farko mai toshe ramukan katako, ta wadatar ga kayan ɗaki, kuma irin feshin nan da ake zuba wa asid domin ya yi tauri yana tsagewa idan aka wuce wannan iyaka. Sannan ninka kauri biyu ba ninka lokacin jira biyu kawai yake yi ba, a lissafi yana iya kaiwa ninki huɗu, domin tinar ƙasa sai ta ratsa dukkan abin da ke samanta.

Idan teburin cin abinci ne, ni da foliyuretan mai haɗin biyu zan ba da shawara, wanda ake zuba wa hadina, wato sinadarin da ke sa shi yin tauri. Shi taurinsa daga haɗuwar sinadaran biyu yake zuwa, yana da daskararren sinadari da yawa har feshi biyu zuwa uku su isa, kuma yakan kai cikakken ƙarfinsa cikin kamar kwana 7, bayan haka ya fi selulos jure ruwa da zafin kwano. Sai dai dole a auna haɗin yadda aka rubuta a gwangwani, domin ƙara hadina da nufin gaggawa yana sa feshin saurin tsagewa, kuma abin da aka haɗa sai a yi amfani da shi cikin 'yan awoyi. Hadinar tana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai jawo asma, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, don haka a nemi takunkumi na ainihi a kuma yi feshin inda iska take wucewa.

Mai Fenti, Maraɗi:

Na yarda da manyana, amma ina jin tsoron ɗan'uwanmu ya ɗauka cewa rashin kauri kullum shi ne alheri. A nan wajenmu, da hunturu da kuma bazara lokacin da zafi yake haura digiri 40, feshin da aka yi shi sama-sama yana bushewa a iska kafin ya sauka, fuskar katakon ta fito da kaushi ba sheƙi. Dole kowane feshi ya sauka a jiƙe har ya kwanta. Ina riƙe bindigar feshi tazarar santimita 15 zuwa 20 daga katako, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, kuma da sassafe nake aiki bayan na yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura.

Farin hazon da ka ambata danshi ne. Tina mai saurin tashi tana sanyaya fuskar feshin, raɓa ta sauka daga iskar damina ta maƙale a ciki. Maganinsa a ƙara 'yar tina mai jinkirin bushewa, a guji feshi ana ruwa ko kuma da asubar damina, a kuma riƙa zubar da ruwan da yake taruwa a tankin kwamfiresa kowace rana. Idan hazon ya riga ya fito, sau da yawa fesa wannan tinar kaɗan a kai yana buɗe fatar danshin ya fice. Ka dai sani cewa tana ƙara tsawon jira.

Ɗan Na'ibawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya, Baba. Banish na mai da muke shafa wa ƙofofin katakon loko yakan yi kwanaki yana danƙo, alhali a kan maɗaci ba ya haka. Shin shi ma kaurin ne?

Baban Khalifa, Zariya:

Kauri yana iya ƙara matsalar, domin banish na mai da iska yake yin tauri, kuma idan ya yi yawa iskar ba ta isa ƙasansa. Amma babban dalilin yana jikin lokon, wanda yake da maiƙo da wasu sinadarai masu hana irin wannan banish bushewa. Ka goge ƙofar da tsumma mai tina, ka bari ta sha iska, ka fara da sila mara kauri a ranar, sannan ka riƙa barin awa 24 tsakanin shafi da shafi. Ka kuma tabbatar katakon ya bushe tukuna, domin wanda aka sauke daga kudu kwanan nan yana ɗauke da ruwa, kuma idan hunturu ya shigo zai tsuke ya tsaga abin da ka shafa masa a wuraren haɗi.