Neman shawara: in sa hannu a takardar yajin aiki ko in haƙura?

Ɗan Warsha: Salamu alaikum. Mahaifina maƙeri ne a warshar jirgin ƙasa ta Atbara a Sudan, yana cikin waɗanda shugaban ƙasa Numeiri ya kora bayan yajin aikin 1981. Daga nan muka koma Kassala wurin kawunnina, ya ƙare rayuwarsa yana tura amalanke a kasuwa. Yanzu ina gyaran layin dogo ƙarƙashin wani ɗan kwangila, albashi ya maƙale tun kafin azumi. Abokan aiki sun ce mu ajiye aiki, a kuma kai kuka ga ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, a Landan. Saura sa hannuna. Barci ya ƙaurace min.

Tsohon Direba: Ɗana, sa hannu yau. Da yajin aikin 1947 Atbara ta tilasta wa Turawa amincewa da ƙungiyar ma'aikata. Ba mu kaɗai ba ne: jagoran ƙwadago Imoudu ya ja ma'aikatan dogon Najeriya yajin aiki a 1945, na layin Dakar suka shiga nasu a 1947. Shafi'u Ahmad Shaikh daga warsharmu ya tashi har ya zama mataimakin shugaban tarayyar ƙwadago ta duniya.

Inna Mai Wurno: Malam, ƙarasa labarin mana. A 1971 aka rataye Shafi'u, duk da kiraye-kirayen ƙasashen waje. Kuma in an zo kame, Bahaushe ake fara tambaya takardar zama ɗan ƙasa. Ɗan ƙanwata sai da aka ce ya kawo shaidar kakansa.

Baban Yara: Ku kuna da abin bin bashi ma. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 ban ga fanshona cikakke ba.

Tsohon Direba: Hajiya, tsoron nan ne ya kai mu inda muke. Shugaba Bashir ya rushe ƙungiyoyin ƙwadago a 1989, kowa ya ja bakinsa, me shirun ya tsinana mana?

Manomin Gadarif: Kana da kwantiragi a rubuce? In babu, wasiƙar Landan ba za ta fitar da ko sisi ba. Ku tara dattawa ku sami ɗan kwangilar a gida.

Ɗan Warsha: Ba rubutu, surukina ne ya tsaya min, amana ce. Baba, ba tsoro nake ji ba, 'ya'ya gare ni. Ku da ba ku ga ƙarshen mahaifina ba, maganar sauƙi take muku.

Tsohon Direba: To me ka zo tambaya?

Ɗan Warsha: Gobe bayan la'asar za su karɓi takardar.