Ɗana mai shekara 16 ya daina ci, ya daina barci: ina neman shawara

Maman Abba, Garwa:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ɗana na fari yana da shekara 16, kuma bara ya faɗi jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, wata huɗu bayan rasuwar mahaifinsa. Yaron da a da yake riga ni tashi da asuba, yanzu wuni yake yi a ɗaki, in na ajiye masa tuwo sai in tarar ya sandare a kwano, da dare kuma ina jin takunsa a tsakar gida har gari ya waye. Mako uku da suka wuce ina wanke wandonsa na tsinci katin tramol a aljihu, saura ƙwaya biyu. Da na tambaye shi bai musa ba, sai dai ya ce: "Inna, da na mutu da kin huta." Baffansa ya ce kangara ce, a kai shi wurin wani malami a ƙauye inda ake saka wa yara mari. Hankalina bai kwanta da wannan ba, amma maganata ba ta da nauyi a wurin dangin mahaifinsa. Don Allah, me ya kamata in yi?

Ma'aikacin jinya, Marwa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigidanki. Maganar mutuwar nan ita ce ta fi tayar mini da hankali, fiye da ƙwayar. Yau ɗin nan ki kawar da duk magungunan da ke gidan, musamman maganin feshin auduga idan kuna ajiye shi, kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Ki tambaye shi kai tsaye, cikin sanyin murya, ko yana tunanin kashe kansa, domin wannan tambaya ba ta jefa tunanin a zuciyar yaro, hanya take buɗe masa ya faɗi abin da ya daɗe yana haɗiyewa.

Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon tsananin damuwa, wanda bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya yana cikin manyan cututtukan matasa, inda ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 ke fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Likita ne kaɗai zai tabbatar, saboda haka ki kai shi babban asibiti nan Garwa ki nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ki tafi da katin ƙwayar. Kada a raba shi da tramol rana guda idan jikinsa ya saba, don zai yi zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin natsuwa, a hankali ake ragewa ƙarƙashin kulawar likita, sannan yawan shanta na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Idan an ba shi maganin damuwa, yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, kada ku yanke ƙauna a kwana goma.

Malam Sani, Ngaundare:

'Yar uwa, ina ganin baffan nasa ba da mugun nufi ya faɗi haka ba, abin da ya gani ana yi ne tun yana yaro. Sai dai mari da bulala ba sa cikin ruƙya, kuma ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Kada ki yi jayayya da shi ke kaɗai. Ki sami limamin unguwarku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ya roƙe shi ya raka ku asibiti da ƙafarsa, ya ji bayanin likita da kunnensa, ana yi ana ci gaba da addu'a.

Umman Hadiza, Kusiri:

Yaya, ni ma na sha wannan da 'yata, har sai da muka riƙa ƙetare gada zuwa Njamena wurin likita. Kuskuren da na yi shi ne na dame ta da tambayoyi da nasiha safe da yamma, sai ta ƙara rufewa. Ranar da na shiga ɗakinta da tiren gyaɗa na zauna ina ɓarewa ban ce komai ba, ita ce ta fara miƙo hannu, daga baya ta fashe da kuka. Ki bar maganar makaranta tukuna, jarrabawa ba ta gudu. Ke ma ki sami wadda za ta riƙa karɓarki, don jinyar nan tana da tsawo.

Maman Abba, Garwa:

Allah ya saka muku da alheri. Na kai magungunan gidan maƙwabciyata, ƙanena kuma ya dawo kwana a ɗakin yaron. Liman ya yi magana da baffansa jiya bayan isha'i, bai ce ya yarda ba, amma ya ce zai zo ranar Litinin mu tafi asibiti tare.