Zama a bakin kogin Haɗeja: me ke hana mutane tashi daga inda ruwa ke ci?

Malam Na-Ringim: Assalamu alaikum. Duk daminar da ambaliya ta ci Auyo, Miga, Kafin Hausa da Guri, kamar ta 2022, sai ka ji ana cewa a kwashe mutanen a mayar da su tudu. Waɗanda suka san yankin, don Allah ku warware mana: me ke riƙe su, kuma yaya ake zama da ruwan nan?

Baban Halifa, Auyo: Wa alaikumus salam, Malam. Lissafi ne kawai. Gonar tudu a nan jigawa ce, gero da wake da riɗi, sau ɗaya a shekara, damina kuma wata uku zuwa huɗu. Fadama kuwa ba ta hutu. Shinkafa ake shukawa da ruwan farko, don ta yi tsayi kafin kogi ya kawo a Agusta. Ruwa na janyewa a bi laima da wake. Daga tsakiyar Nuwamba alkama ta shiga, saboda sanyin hunturu take so, wanda ya makara zafin Maris ya same ta tana fitar da kai, ƙwaya ta shanye. Ga tumatir, tattasai da albasa. Kayan gwari kuma sai da ruwa duk kwana uku ko huɗu, inji ba a barinsa ya kwana a gona saboda ɓarayi. Ka kai mutum tudu mai nisa, kuɗin man babur kaɗai ya cinye ribar.

Injiniya Ɗan Haɗeja: Ƙari a kan maganar Baban Halifa. A fadama ruwan ƙasa kusa yake, da hannu ake huda rijiya a zura bututun roba, a ɗaura injin inci biyu ko uku. Amma inji ba ya jawo ruwan da ya yi ƙasa fiye da mita bakwai zuwa takwas. Shi ya sa a ƙarshen rani za ka ga an haƙa rami an saukar da injin ciki. A tudu sai burtsatse mai zurfi, wadda ƙaramin manomi ba zai iya ba. Iyakar inda inji ke jawo ruwa, nan ce iyakar noman rani, kuma nan garuruwa suka jeru.

Sarkin Magina: Gidan ƙasa ba daga sama ruwa ke kayar da shi ba, daga gindi ne. Ruwa ya kwana biyu a jikin katanga, tubalin ƙasa ya jiƙe, nauyin sama ya danne shi. Wanda ba shi da halin bulo gaba ɗaya, ya yi harsashi da layi uku ko huɗu na bulon siminti, sannan ya ɗora tubali. A cike daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, rumbu kuma a ɗaga shi sosai, don asarar hatsi ta fi ta ɗaki ciwo. Jinga kuma a Yuni ake gyaranta, ba ranar da ruwa ya iso ba. Kada a cika buhun yashi fal, kashi biyu cikin uku ya isa, a jera su kamar bulo, a tattake. Yawancin ɓallewa daga ramin ɓera ko gara take farawa, a bi a toshe.

Malam Bukar, Nguru: Ranka ya daɗe Sarki, akwai abin da jinga ba ta magancewa. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin kan cika da damina ya ƙafe da rani. Yanzu ruwa na gudana duk shekara, kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru. Sai ruwa ya karkata ta reshen kogin da ake kira Marma zuwa tafkin Nguru, wasu gonaki su nutse shekara da shekaru, wasu wuraren kuma su rasa ruwan da suka saba samu. Tsuntsayen jan baki a cikin kachalar suke kwana, su wayi gari a kan shinkafa. Yanke kachala a saman ruwa aikin banza ne, sai an yanke a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya ruɓe, kuma garuruwan da ke kan hanyar ruwa ɗaya su yi gayya lokaci guda.

Hajiya Mai Kifi: Yaya Bukar, kada a manta da hanya. Garuruwan Malam Madori da Nguru jirgin ƙasa ne ya raya su zamanin gyaɗa. Yau kwalta ce. Ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ba ya iya kai ɗanyen kifi kasuwar Haɗeja, dole a yi banda, ga tsadar itace. Tumatir ma ya kwana biyu a kwando yana jiran mota, dillali ne zai yanka masa farashi. Don haka masu ɗan hali suke sayen fili a bakin titi su ajiye iyali, maza kuma su kafa bukka a fadama daga Nuwamba har a cire albasa.