Fiyus ɗaya ko uku (biyu a gefen shiga, ɗaya a gefen fita) a fanel ɗin kwanturol?

Oga Habu, Sharaɗa: Salamu alaikum. Ni har yanzu ina kan bakana. Ƙaramin fanel na injin casar shinkafa, tiransifomar kwanturol mai 100VA, 415V zuwa 110V, kwantakta (makunnin da koyil ke ja ya ba mota wuta) biyu da fitilu uku: fiyus ɗaya a gefen shiga ya wadatar. Na gefen fita cin kuɗin mai aiki ne kawai. Duk wutar da za ta fita ai ta ƙofar shiga ta biyo.

Musa Dakata: Wa alaikumus salam Oga. Mai am nawa kake sawa?

Oga Habu: Biyu.

Malam Nasiru, Bompai: Oga Habu, Allah ya ƙara girma, mu ɗan yi lissafi. Raba 100 da 415, ka samu 0.24. Abin da tiransifomar ke ja ke nan in ta ɗauki cikakken kayanta. Kai kuma ka ba ta am 2, wajen ninki takwas. Wato gefen 110 zai iya jan sama da am 7 fiyus ɗinka bai ma san ana yi ba, alhali ƙarfinta duka am 0.9 ne. Koyil ɗin kwantakta ɗaya ya fara lalacewa yana jan wuta, za ta yi ta dahuwa a hankali har ka ji ƙaurin banish.

Oga Habu: To sa mata rabin am mana ka gani. Kana ɗaga bireka yana tsinkewa.

Malam Nasiru: Ai ka faɗi hujjata da bakinka. Lokacin kunnawa tiransifoma na fizgar wuta ninki goma ko fiye na ɗan ƙiftawar ido, dole na shiga ya zama babba ko mai jinkiri. Shi ya sa ba zai iya tsare ta daga yawan kaya ba, aikinsa shot ne, wato haɗuwar waya. Na fita, mai am 1, shi ne mai gadinta.

Musa Dakata: Malam, am 1 ba zai yi kaɗan ba? Ƙaramar kwantakta na jan wajen 70VA lokacin kamawa.

Malam Nasiru: Tana kamawa ta koma 7VA ko 8VA. Ko biyun sun kama tare, am 1.3 ne na abin da bai kai daƙiƙa ba. Mai jinkiri zai haƙura.

Baba Iliya: Yaran zamani da kalkuleta. Tun masaƙun Bompai na aiki dare da rana muke haɗa fanel. In waya ta haɗu a gefen fita, na shiga zai tashi, magana ta ƙare. Habu na da gaskiya.

Injiniya Hauwa: Baba, a gafarce ni. Ƙaramar tiransifoma ko an haɗe bakinta gaba ɗaya, abin da take ja a shiga bai cika wuce ninki goma da ɗoriya ba, wato am 2 da rabi zuwa 3. Fiyus mai am 2 zai iya daɗewa a kan haka bai yanke ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne "ɗaya" ɗin nan. 415 fes biyu ne, wato waya biyu, duka masu rai. In wadda ba fiyus ta goge ta taɓa jikin fanel, wa zai tare? Sai babban birekan mota, ƙila mai am 63, a kan siririyar waya mai kaurin 1.5mm².

Oga Habu: Wannan kam na ji, Injiniya. Biyu a shiga. Na ukun ne ban saya ba.

Musa Dakata: Ni na kwalba nake saya a Sabon Gari, ya fi araha.

Injiniya Hauwa: Ƙanena, juya shi ka karanta hular ƙarfen: 250V. Ba na 415 ba ne, kuma irinsa da yawa am 35 ne iyakar abin da za su iya yankewa lafiya. Shot mai ƙarfi fasa kwalbar yake. Nemi na tangaran mai yashi a ciki, mai girman 10x38mm, an rubuta 500V. A gefen 110 kuma a haɗa ƙafa ɗaya ta tiransifomar da wayar ƙasa, fiyus a ɗayar, maɓallan tsayarwa da kunnawa su biyo bayansa, koyil a ƙarshe. Ta haka in waya ta taɓa jiki fiyus ke tafiya, ba inji ya tashi da kansa hannun mutum na kan bel ba.

Baba Iliya: Duk naku mai sauƙi ne. Fiyus ya ƙone da tsakar dare, buhuna jibge, yaron inji zai zare silin waya ya ɗaure. Kun ba shi wuri uku na ɗaurewa maimakon ɗaya.

Oga Habu: Yauwa Baba! Abin da nake gani ke nan kullum.

Malam Nasiru: To a sa ƙaramin bireka mai am 1 a gefen fita, ya faɗi a ɗaga. Ba silin da za a ɗaura.

Oga Habu: Samun mai am 1 na gaske a kasuwa fa? Daga 6 yawancinsu suke farawa. Musa, in ka shiga gobe ka tambayo mana kuɗinsa tukuna.